Lissafin da Ke Cikin Ninkin Takarda

Akwai wata tambaya da kusan kowane ɗalibi a makarantar nan ya taɓa yi, ko a fili ko a zuci, musamman ran da aka cika mu da aikin gida. Tambayar ita ce, shin wannan lissafin kusurwoyi da layuka da da'irori, ina ranarsa a zaman duniya? Lissafin kuɗi dai kowa ya san amfaninsa, gama ko tsohuwa mai sayar da daddawa ba ta yarda a cuce ta wajen canji. Amma alwatika da murabba'i fa? Iyayenmu ma su kan yi irin wannan tambaya idan ɗansu ya ce lissafi ya ke so ya karanta a jami'a. Su kan ce, likita mun sani, lauya mun sani, injiniya mun sani, shi kuwa mai lissafi me zai zama?

Ni ina ɗaya daga cikin waɗanda a ke yi wa wannan tambaya a gida, domin na riga na faɗa cewa in na gama sakandare lissafi na ke so in bi. Tun da ya ke ba ya kyautuwa yaro ya tsaya gardama da manya, sai na ga ya fi in kawo amsata a wannan fili na mujallarmu, inda 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu za su karanta a tsanake. Amsar tawa kuwa labari ne na wani mutumin ƙasar Kanada mai suna Erik Demaine, wanda ya yi suna a duniya tun bai cika shekara 25 ba. Kayan aikinsa su ne takarda da fensir da almakashi, irin waɗanda kowannenmu ke da su a akwati, sa'an nan ya haɗa da kwamfuta.

An haifi Erik ran 28 ga Fabrairu, 1981, a birnin Halifax da ke bakin teku a gabashin Kanada. Mahaifinsa, Martin Demaine, mai sana'ar hannu ne, ya gwanance wajen narka gilashi ya hura shi ya mai da shi kayan ado. Shi kaɗai ya reni yaron. Sa'ad da Erik ya ke da shekara shida, shi da uban suka kafa ɗan ƙaramin kamfani na ƙera kayan wasa ƙwaƙwalwa, suna sayarwa a cikin Kanada. Da ya kai shekara bakwai sai suka shiga yawo gari gari a nahiyar Amurka ta Arewa, uban yana koya masa karatu da kansa. Sha'awar wasannin kwamfuta ta ja yaron ya koyi rubuta wa na'urar umarni, rubuta umarnin kuma ya ja shi zuwa lissafi, domin kwamfuta ba ta zana kome, ba ta motsa kome, sai an gaya mata da lambobi.

Yana da shekara 12 Jami'ar Dalhousie da ke Halifax ta karɓe shi, ya sami digirinsa na farko a 1995 yana ɗan shekara 14. Daga nan ya wuce Jami'ar Waterloo a lardin Ontario, ya yi digiri na biyu a 1996, kana ya gama digirin digirgir a 2001 yana da shekara 20. Malaman da suka duba aikinsa su ne Anna Lubiw da Ian Munro, kundin da ya rubuta kuwa a kan ninkewa da warwarewa ne. A wannan shekara ta 2001 babbar jami'ar nan ta kimiyya da fasaha ta Amurka da a ke kira MIT ta ɗauke shi koyarwa, har ana cewa ba ta taɓa ɗaukar malami mai ƙarancin shekaru kamarsa ba. A 2003 kuma aka ba shi kyautar MacArthur, wadda a lokacin ta ke dala 500,000, kuma ba a gindaya wa mai ita sharaɗin yadda zai kashe ta.

Na san wani zai ce, to, ai wannan baiwa ce, mu ina ruwanmu? Gaskiya ne, shiga jami'a a shekara 12 ba abin da za a tsara wa yaro ba ne, kuma ba don shi na kawo labarin ba. Abin da ya kama hankalina shi ne irin tambayoyin da mutumin nan ya zauna ya amsa. Ba su fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ya fahimce su ba, amma amsarsu ta gagari manya shekara da shekaru.

Bari in fara da wadda na fi so, domin ta taɓa sana'ar gidanmu. Mahaifina tela ne. Tun ina ƙarami na ke ganin in zai fitar da wuyan riga, ba ya yanka dama daban hagu daban. Sai ya ninka yadin biyu, ya bi da almakashi sau ɗaya, in ya buɗe ka ga ɓangarorin biyu sun zo daidai wa daida. To, a ce an ba ka takarda guda, an yarda ka ninka ta yadda ka ga dama, sau nawa ka ke so, amma yanka ɗaya tak za ka yi, shi ma miƙaƙƙe. Waɗanne siffofi za ka iya fitarwa? Wannan wasa daɗaɗɗe ne. Yana cikin wani littafin wasa ƙwaƙwalwa da aka buga a Japan a 1721. Shahararren mai dabon nan na Amurka, Harry Houdini, ya nuna yadda a ke fitar da tauraro mai tsini biyar ta wannan hanya a littafinsa na 1922. A 1960 kuma Martin Gardner, mai rubuta wasannin lissafi a wata mujallar kimiyya ta Amurka, ya sake ta da maganar.

A 1998, Erik yana ɗan shekara 17, shi da mahaifinsa da malamarsa Anna Lubiw suka ba da amsa mai ban mamaki. Suka ce kowace siffa, muddin gefunanta miƙaƙƙu ne, ana iya fitar da ita da yanka ɗaya. Ko kifi ne, ko malam buɗe littafi, ko harufan sunanka a jere, ko siffofi goma warwatse a takarda guda, akwai ninkin da zai tattara dukkan gefunansu bisa layi ɗaya, ba tare da wani wuri dabam na takardar ya hau layin ba.

Asirin abin yana cikin darasin da aka koya mana na raba kusurwa biyu daidai. In gefe biyu suka haɗu a kusurwa, ka ninka takarda bisa layin da ya raba kusurwar nan tsaka, to lalle gefen nan biyu za su kwanta a kan juna. Sauran aiki shi ne sanin inda waɗannan layuka za su gamu a cikin siffar. Ga misalin da ya sa na gane. A ce siffar nan harsashin gida ce, aka ɗora mata rufin kwano mai gangara iri ɗaya ta kowane gefe. In tsuntsu ya dubo daga sama, zai ga layukan da kwanukan suka haɗu, watau doron rufin da kwarinsa. Waɗannan layuka su ne ƙashin bayan ninkin, sai a ƙara musu waɗansu da ke sauka a tsaye bisa gefunan. Akwai siffofi 'yan kaɗan masu taurin kai da wannan hanya ba ta ƙarewa a kansu, saboda haka Erik ya haɗa kai da Marshall Bern da David Eppstein da Barry Hayes suka fito da hanya ta biyu, ta jera da'irori a bisa gefunan siffa, wadda ta cike wannan giɓi.

Gani ya kori ji, don haka na tara tsofaffin jaridu na gwada da hannuna. Murabba'i shi ne mafi sauƙi. Ka zana shi a tsakiyar takarda, ka ninka daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ka sake ninkawa bisa ɗaya layin da ya gitta wannan, sai ka ga gefuna huɗun sun zama ɗaya. Tauraro mai tsini biyar yana da gefe goma, saboda haka sai an ninka takarda ta zama hawa goma, kowane hawa ya ci digiri 36, gama 360 a raba gida goma 36 ke nan. Alwatika mai gefuna ba daidai ba shi ya fi ɗaukar mini lokaci. Sai da na raba kusurwoyinsa uku, na ga layukan sun gamu a wuri ɗaya kamar yadda littafinmu ya faɗa, kana na ƙara ninki ɗaya daga mahaɗar nan zuwa gefe guda a tsaye. Da na sa almakashi sau ɗaya alwatikan ya faɗo ƙasa, sai na ji darasin da muka yi a allo ya sauko hannuna.

Ga wani gwaji da ba ya bukatar ko almakashi. Ninka takarda biyu, ka sake ninka ta biyu, sa'an nan ka buɗe. Za ka ga kari huɗu sun haɗu a tsakiya, irin karin da guga ke bari a wando. Wani karin ya taso sama kamar tudu, wani ya lotsa kamar kwari. Ƙidaya su, za ka tarar uku iri ɗaya ne, ɗaya ya saɓa. Ko yaya ka ninka takarda ta kwanta shimfiɗe, a kowace mahaɗa da ke tsakiyarta bambancin tudu da kwari biyu ne, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Ana kiran wannan ƙa'ida da sunan wani Bajapane, Jun Maekawa. Akwai 'yar'uwarta mai sunan Toshikazu Kawasaki, wadda ta ce in ka auna kusurwoyin da ke kewaye da mahaɗar, kana ɗaukar ɗaya kana tsallake ɗaya, jimlar waɗanda ka ɗauka digiri 180 ce. Mutanen Japan sun daɗe da fasahar ninkin takarda, su ne ke kiranta origami, shi ya sa sunayensu suka yi yawa a wannan fanni.

A nan ne na ga bambancin mai sana'a da mai lissafi, da kuma yadda kowannensu ke bukatar ɗan'uwansa. Tela ya san ninkinsa a hannu, ya gwada sau dubu bai ba shi kunya ba. Mai lissafi kuwa ba ya tsayawa a gwaji, domin ko ka gwada siffa dubu ta yi, ba ka da tabbas a kan ta dubu da ɗaya. Shi sai ya kawo hujjar da ta rufe dukkan siffofi, har waɗanda ba wanda ya taɓa zanawa. Irin su Erik kuma su kan ƙara mataki guda. Ba su wadatu da cewa abu zai yiwu ba, sai sun rubuta matakan yinsa ɗaya bayan ɗaya, filla filla, yadda kwamfuta za ta iya bi ba tare da tunani ba, sa'an nan su lissafa yawan lokacin da aikin zai ci. Wannan shi ne auren lissafin siffofi da ilmin kwamfuta.

Tambaya ta biyu daga wurin kafintoci ta sami sunanta. Akwai wani ma'aunin katako mai gaɓoɓi da su ke ninkewa su sa a aljihu. A ce ma'aunin nan yana da gaɓa ɗari, tsawonsu ba ɗaya ba, aka shimfiɗa shi bisa tebur a murɗe, ya shiga nan ya fita can, amma ba inda ya hau kansa. Shin kullum ana iya miƙe shi ba tare da an ɗaga shi daga teburin ba, kuma ba tare da wani sashe ya gitta wani ba? Masana sun daɗe suna zana ma'aunai masu sarƙaƙiya da nufin su sami wanda ya kulle. A shekarar 2000, Erik da Robert Connelly na Jami'ar Cornell da Günter Rote suka tabbatar cewa babu irinsa, kowane ma'auni yana miƙuwa. Dabararsu ita ce a buɗe shi ta yadda babu wasu gaɓoɓi biyu da za su matso kusa da juna, ko dai su nisanta ko tazararsu ta tsaya yadda ta ke. In kuwa ba mai matsowa, to babu karo. Abin mamaki, in aka bar teburin aka koma sarari, gaɓa biyar kacal sun isa su kulle, muddin ta farko da ta ƙarshe dogaye ne ƙwarai. Masu ƙera hannun inji a masana'antu suna kula da irin wannan lissafi, haka ma masu nazarin furotin na jikinmu, domin shi ma sarƙa ce doguwa wadda sai ta ninku daidai ta ke aiki.

Yanzu bari in juyo ga tambayar iyayenmu, watau ina amfanin abin. Duk wani abu mai faɗi da a ke so ya shiga ƙaramin wuri sa'an nan ya buɗe da kansa, matsalar ninki ce. Wani masani ɗan Japan, Koryo Miura, ya ƙirƙiro ninkin da a ke buɗewa da ja ɗaya, aka yi amfani da shi a 1995 wajen shimfiɗa faifan tara hasken rana a jikin wani tauraron ɗan Adam na ƙasarsu. Robert Lang, masanin kimiyya Ba'amurke kuma gwanin origami, ya taimaka wa masu tsara jakar iskar nan da ke fitowa daga sitiyarin mota in an yi haɗari, domin sai an san yadda za a ninke ta kafin a san yadda za ta buɗe. Na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba ran 25 ga Disamba, 2021, madubinta ya kai mita 6.5 a faɗi, an haɗa shi da ɓangarori 18, kuma a ninke aka sa ta cikin roka, sai da ta isa sararin sama ta buɗe. Shi kansa Erik, a 2017, shi da Tomohiro Tachi na Jami'ar Tokyo sun fito da matakan da kwamfuta za ta bi ta zana layukan ninkin kowace siffa mai fuskoki shimfiɗaɗɗu daga takarda guda.

Akwai wani gefe na labarin da na ke so iyayenmu su dube shi da kyau. Martin Demaine ba masanin lissafi ba ne tun asali. Tare da ɗansa ya koya, har suka riƙa rubuta takardun bincike da sunayensu biyu, daga baya shi ma MIT ta ɗauke shi a matsayin mai fasaha. Ɗan kuma ya koyi hura gilashi a wurin uban. A 2008 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York, wanda a ke kira MoMA, ya karɓi siffofi uku da suka yi da takarda mai lanƙwasasshen kari ya ajiye cikin kayansa na dindindin. Uban bai ce wa yaron ya bar wasa da takarda ya kama abin kirki ba. Zama ya yi suka yi wasan tare, har wasan ya zama aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada kuma wani ya zaci an gama amsa kome. Ɗauki kwalin sabulu ka ɓare shi a hankali, za ka ga ya shimfiɗu ya zama falle ɗaya. Siffa mai fuska shida irin ta ƙwayar sukari tana da hanya 11 na shimfiɗuwa haka. Tun a 1525 wani mai zane Bajamushe, Albrecht Dürer, ya buga littafi mai irin waɗannan zane. To, shin kowace dunƙulalliyar siffa mai fuskoki shimfiɗaɗɗu, wadda ba ta da lotsawa ko ina, ana iya yanka ta bisa gefunanta ta shimfiɗu falle ɗaya ba tare da wani sashe ya hau wani ba? Shekara ɗari biyar ke nan da littafin Dürer, masana ba su sami hujjar da ta tabbatar ba, ba su kuma sami siffar da ta ƙaryata ba. Erik da Joseph O'Rourke sun ba wannan tambaya babban wuri a littafin da suka buga a 2007 a kan lissafin ninki.

Ga 'yan'uwana masu cewa sai wanda ya shiga jami'a a shekara 12, ga labarin 'yar sakandare kamarmu. Mutane sun daɗe suna cewa ba a iya ninka takarda biyu fiye da sau bakwai ko takwas, domin kowane ninki yana ruɓanya kaurinta. Takarda mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita, da za ta ninku sau 42, da kaurinta ya wuce nisan da ke tsakaninmu da wata, watau wajen kilomita 384,000. Wata ɗaliba mai suna Britney Gallivan, a garin Pomona na Kalifoniya, ta ƙi yarda da faɗar mutane. Ta zauna ta lissafa tsawon takardar da kowane adadin ninki ke bukata, kana a watan Janairu na 2002 ta samo takarda mai tsawon wajen mita 1,200 ta ninka ta sau 12. Lissafin da ta yi aiki da shi bai wuce wanda a ke koyarwa a manyan azuzuwan sakandare ba.

Saboda haka roƙona ga iyayenmu, cikin ladabi, shi ne in yaro ya ce lissafi ya ke so, a saurare shi kafin a juya shi. Likitan da mu ke alfahari da shi da injiniyan da ke gina gada, dukansu suna aiki da kayan da wani mai lissafi ya fara tabbatarwa a takarda. In kuma uba yana da sana'ar hannu, ɗinki ko sassaƙa ko gini ko ƙira, ya riƙa jan ɗansa kusa yana nuna masa, yana kuma tambayarsa abin da aka koya masa a aji, gama sau da yawa abu ɗaya su ke yi da suna biyu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ga aikin hutu wanda ba malamin da zai duba. Kowa ya zana harafin farko na sunansa da miƙaƙƙun layuka a tsakiyar takarda, ya nemi ninkin da zai fitar da shi da yanka ɗaya. Masu harafin I da L sun taki sa'a. Masu A da M su tanadi jarida da yawa, su kuma tuna cewa tun 1998 an tabbatar akwai hanya, saura su gano ta.